Ƙofar Garke

A Zanskar sanyi ba ya sallama,
shigowa kawai yake yi.
Wata huɗu hanya a rufe,
kogi ya daskare har ana tafiya a kansa,
mu goma sha ɗaya a gidan ibada
da ke manne a jikin dutse kamar sheƙar tsattsewa.

Ni ce ƙarama. Aikina awaki da fitilun man shanu.
Kafin gari ya waye mukan zauna,
ƙafa a naɗe, baya a miƙe,
a ce mu yi shiru.
Bakina ya yi.
Kaina kuwa sai ya zama kasuwa ranar cinta:
bashin sha'ir da babana bai biya ba,
gwiwata ta hagu mai zugi,
ƙanena Rigzin da ya tafi Leh bai aiko ko gaisuwa ba,
da wata magana da aka yaɓa mini shekara uku da suka wuce
wadda sai yanzu nake samo mata amsa.

Na je wa Ani Lhadol da kuka.
Na tarar tana kaɗa shayi da gishiri a dogon bututun katako,
haƙoranta biyu, idonta ɗaya ya yi fari.
Na ce, na kasa.
In na kashe tunani ɗaya, bakwai ke zuwa zaman makokinsa.
Ta ce, wa ya gaya miki sun zo?
Na ce, ni na gan su.
Ta ce, to.
Ta ci gaba da kaɗa shayinta.
Na tsaya jiran sauran magana. Babu saura.
Na fita cike da haushi,
haushin ma na gan shi.

Da yamma na koro awaki.
Katangar garken ta duwatsu ce, ƙofarta ɗaya,
ba ƙyaure, gurbi ne kawai
inda aka hana dutse hawa kan dutse.
Baƙar ta wuce.
Mai karyayyen ƙaho ta wuce.
'Yan biyun suka kutsa tare suna ture-ture.
Bunsuru ya wuce da warinsa.
Ashirin da uku.
Na tsaya ina kallon gurbin.
Bai ɗauki wari ba, bai tsiro ƙaho ba,
ko gashi ɗaya bai maƙale masa ba.
Gobe duk ta nan za su fita,
shi kuwa bai taɓa zuwa kiwo ba.

Da asuba aka buga ƙararrawa.
Na bi ƙarar tana sirancewa, tana sirancewa,
har ta tsinke.
Ƙara ta mutu, ji bai mutu ba.
Yana nan a buɗe, ba ya jiran kowa.
Rigzin ya shigo, ya fita.
Gwiwa ta yi zugi,
amma abin da ya san zugin ba shi da gwiwa.
Sai ga wani tunani yana taƙama,
yana cewa, na gane, na iso!
Na bi shi taku uku ko huɗu
kafin in hango kofatonsa.
Ashe shi ma na garken ne.

Ban ce na iya ba.
Akwai ranakun da nake wuni a tsakiyar garke ana tattaka ni,
na manta da wata ƙofa.
Sai dai ba ni na gina ta ba,
ba kuma mantuwata ke toshe ta ba.

Na kai wa Ani labari ina haki.
Ta saurara har na gama,
ta miƙo mini ƙoƙon shayi, ta ce,
ashirin da uku kika ce?
Ashirin da huɗu ne.
Shanye, ki ɗauki fitila,
kafin damisar dutse ta riga ki.